Hanyar Masu Ɓoye Baki

Zarwan, ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata Durnaz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da abin da ke cikinki kuna lafiya, kuma maigidanki yana aiko da labari daga Maskat. Mu nan alhamdu lillahi. Dabino ya fara ja, zafi kuwa sai wanda ya gani.

Takardarki ta iso. Gazzi direba ne ya miƙo mini ita a ƙofar shago, tare da buhun gari. Na fara karantawa a tsaye, na ƙarasa a zaune a kan buhun. Allah ya jiƙan baffanmu Nako Kamalan, ƙanin Abba, ya sa ya huta. Na san kin yi iya ƙoƙarinki a asibiti, na kuma san mai tsohon ciki ba ta hawa a-kori-kura a kan hanya irin tamu. Ni ban ga laifinki ba. Abba ne ya gani.

Na same shi a gindin dabino yana saƙar takalmin kaba. Na zauna, ya ce in ba da hal, wato labarin duk abin da na gani na ji, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya, alhali daga shago na fito. Na faɗa masa. Bai yi kuka ba, sai ya tambaye ni wa ya kawo labarin. Na ce takarda. Ya ce, "Ƙanina ya mutu, aka aiko mini da shi a cikin ambulan ɗin wasiƙa." Ya koma kan saƙarsa har aka kira la'asar.

Ga abin da ya sa nake rubuto miki. Yayarsu, Gwaggo Nazal, tana can Sarkoh ba ta ji ba. Kin san ita ta goyi Nako Kamalan bayan rasuwar kakarmu, kuma yanzu idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya. Abba ya ce shi zai hau kwazazzabo da ƙafarsa ya faɗa mata. Ya hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa sai ta ji. Ya sa Gazzi ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai gaya wa kowa ba, Gazzi da ko atishawa ya yi sai kasuwa ta ji.

Na ce ni zan je. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ɗa ba ya ɗaukar mutuwar ɗan'uwa muddin ɗan'uwan da ya rage yana numfashi. Ina ta ja masa rai da cewa dabino na bukatar hannu, amma ƙaryata ta kusa ƙarewa. Ki rubuto mini ainihin abin da likita ya ce game da ƙirjin Abba, ki aiko da ƙwayoyin nan. Matata Sazen tana gaishe ki.

Yayanki,
Washdil

*

Kwetta, ranar Asabar

Lala, yayana Washdil,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ƙafafuna ne kawai suka kumbura. Ka gaishe da Sazen da yara. Ka gaishe da Abba, in zai karɓi gaisuwar da ta zo a ambulan.

Likita ya ce ko soron masallaci kada ya hau. Da kunnena na ji, kai ma kana wurin, sai dai lokacin hankalinka yana kan mai sayar da shayi. Ga ƙwayoyin na ƙulle a gefen wannan tsumma. Ƙanana farare su ne na ƙarƙashin harshe, in ƙirjin ya riƙe. Ba na aiko su don ya hau dutse ba, na aiko su don ya zauna.

Lala, ni na rufe wa Nako idanunsa. Ni kaɗai, da wannan cikin, a ɗakin da ke warin magani. Da na fito ban sami wanda zan aika ba, na sami biro da takarda. In wannan ne laifina na ɗauka. Amma ba zan yarda a biya shi da ran Abba ba. Gwaggo za ta yi kuka ko daga bakin wa ta ji, hawayen dai iri ɗaya ne. Makiyayan Sarkoh suna saukowa sayen gishiri, ka ba ɗaya saƙo. Ko ka tafi da kanka ka dawo ka sha faɗa, ai ka saba. Ka ɓoye masa takalma. Ka ce ni na hana.

In kuma ya fi ƙarfinka, kamar yadda ya saba fin ƙarfinka, to ku bi ta ƙasa, ta cikin rafi. Akwai inuwa, akwai ruwa a kwarmin duwatsu, jaki yana iya kai shi fiye da rabin hanya. Kuma akwai mutane. Duk wanda kuka haɗu da shi ku tambaye shi hadari, don lokacin ruwan tudu ya yi, ka kuma san yadda rafin nan yake kawowa rana tsaka ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa kanka ba.

Tsoro nake ji, Lala. Ba na barci. Ka ba ni amsa a dawowar Gazzi.

Ƙanwarka,
Durnaz

*

Zarwan, ranar Laraba

Durnaz,

Sallama da gaisuwa. Ƙwayoyi sun iso, na gode.

Na karanta masa takardarki, na tsallake wurin ambulan. Da na zo kan ɓoye takalma ya yi dariya, ita ce ta farko tun rasuwar. Ya ce in tambaye ki wa yake saƙa wa garin nan takalma.

Maganar bin ta ƙasa ita ce ta ɓata komai. Ke kin ce akwai mutane, shi kuwa mutanen yake gudu. Duk wanda ya tare shi a hanya sai an zauna an yi hal, kuma Abba bai taɓa ɓoye mutuwa a hal ba, bai taɓa ƙarya a ciki ba. In ya faɗa wa makiyayi ɗaya, wannan zai kwaɗa wa na tsallake kira, na tsallake ya kwaɗa wa na gaba. Kafin mu yi rabin hanya labari ya shiga Sarkoh, Gwaggo ta ji mutuwar ɗan goyonta daga bakin wani mai kora awaki. Saboda haka ya ce ta sama za mu bi, ta tsohuwar hanyar da ke manne a jikin dutse, inda ba mai bi.

Sau ɗaya na taɓa bin ta ina saurayi, na kuma yi alkawari tsakanina da Allah ban ƙara ba. Na yi masa magiya, na yi fushi, har na ce ba zan raka shi ba. Ya ce dama bai gayyace ni ba.

Gobe bayan sallar asuba za mu tashi. Sazen ta gasa mana gurasar dutse, na cika salka. Ki yi mana addu'a, ki rage faɗa, yaron cikinki yana ji.

Yayanki,
Washdil

*

Kwetta, ranar Litinin

Zuwa ga matar yayana Sazen,

Assalamu alaikum, ya gida, ya yara? Na san sai kin kai wa Malam Jihand na makaranta ya karanta miki, ki gaishe shi, ya yi haƙuri da ni.

Gazzi ya zo bai kawo mini komai ba. Na tambaye shi, ya ce bai sani ba, yana ta kallon tayar motarsa. Rediyo ya ce an yi ruwa mai ƙarfi a duwatsun Huzdar, rafuka sun kawo. Sazen, sun dawo? Wani ya gan su? Kada ki tausaya mini saboda ciki. Rashin sani yana cina fiye da duk abin da za ki faɗa.

Taki,
Durnaz

*

Zarwan, ranar Alhamis

Zuwa ga Durnaz, daga bakin Sazen, da hannun Malam Jihand.

Tana amsa sallamarki, ta ce yara lafiya. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara.

Ba su dawo ba. Ranar da suka tafi, bayan azahar, rafi ya kawo. Rana tana sama tarwai, sai muka ji ƙugi daga bakin kwazazzabo, ruwa ya fito ja wur da itatuwa da gawar awaki. Ya cinye gonar albasar Bijjar, ya tafi da jakinsa. Da ruwa ya ja baya maza suka shiga nema. Ba su sami mutum ba. Sun sami salka a maƙale a jikin kaba, a fashe. Na duba, ɗinkin bakinta nawa ne, da jan zare. Na ce wa mutane ba tamu ba ce, don kada yara su ji.

Sai shekaranjiya Miran makiyayi ya shigo gari, aka zaunar da shi hal. Ya ce ya hango mutum biyu can sama a jikin dutse, ya yi musu sallama, suka maƙale a bayan dutse kamar ɓarayi. Ya ce da sun amsa da ya gaya musu hanyar sama ta zube tun bazara a Wuyan Raƙumi, duk makiyaya sun sani. Ni ban san inda Wuyan Raƙumi yake ba, amma da ya faɗa dattawa suka ɗauki salati.

Hanyar ƙasa ta toshe da duwatsu da laka, ba mai hawa ba mai sauka. Maza suna haƙa. Kullum ina dafa abincin mutum biyu in ajiye. In yayanki ya dawo da rai sai na fasa masa kai da muciya.

Nan ta tsaya. Ni Jihand ina ƙarawa da cewa rashin samun gawa alama ce mai kyau. Allah ya sauke ki lafiya.

*

Sarkoh, ranar Lahadi

Ƙanwata Durnaz,

Assalamu alaikum. Muna da rai, mu biyun. Na fara da wannan don kada ki tsallake layuka kina nema. An buɗe hanyar ƙasa, mai kai gishiri zai sauka da wannan takarda. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Hawan farko Abba ya fi ni sauri, har yana yi mini ba'a wai zaman shago ya mai da ni buhu. Da rana ta ɗaga, hanya ta tsuke, dutse a kafaɗar dama, ta hagu kuwa babu komai sai iska. Dutsen ya yi zafin da ba a dafa shi. Can muka ji ƙararrawar awaki, Miran ya kwaɗo sallama daga tsallake. Durnaz, da idona na ga mahaifinmu, mai furfura har ƙirji, ya durƙusa a bayan dutse ya ja rawani ya rufe fuska. Mutumin da bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na durƙusa kusa da shi.

Gaba kaɗan ƙirjin ya riƙe shi. Ya yi tangaɗi, na cafko rigarsa, salka ta zame daga kafaɗata. Ban ma ji faɗuwarta ba saboda zurfi. Na sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, bakin ya bushe har ta ƙi narkewa. Muna nan zaune sai ƙugi ya taso daga ƙasa, dutsen da muke kai yana rawa. Na leƙa na ga ruwa ya cika inda kika ce mu bi da jaki. Ban faɗi wannan don in ci ki da magana ba. Hanyarki da ta kashe mu, tasa ma ta kusa.

Na ce mu koma. Ya ce komawa ta fi nisa, kuma gaskiyarsa. Muka ci gaba, yana tafiya yana tsayawa, leɓensa ya yi fari. Haka muka iso Wuyan Raƙumi, muka tarar babu hanya. Ta zube, faɗin wurin ya fi tsawon mutum a kwance. Abin da ya rage ɗan tudu ne a jikin dutse, iyakar inda yatsun ƙafa za su taka.

A ɗaya gefen kuwa mutum ne zaune, ya warware rawaninsa yana auna ramin da ido. Dosten ne, babban ɗan Gwaggo Nazal. Shi kaɗai, ba akuya, ba kaya, cikin wannan zafin rana.

Abba ya tsaya cak. Shi ma Dosten ya miƙe a hankali. Ba wanda ya tambayi wani me ya kawo shi. Mai bin wannan hanya ya san abin da ke sa mutum ya bi ta. Ni ne na ƙarshen ganewa cewa shi ma labarin mutuwa ya ɗauko.

Sallama kawai suka yi. Dosten ya jefo bakin rawaninsa, na ƙulla da nawa da na Abba, muka ɗaura wa Abba a ƙugu. Ya juya fuska ga dutse ya fara jan ƙafa. A tsakiya ƙafar hagu ta zame, takalmin ya tafi, rawani ya ƙone mini tafin hannu, har yanzu da kyar nake riƙe biro. Ya rataya da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, ina jin numfashinsa. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Washdil, daina kiran sunan uwarka, ja." Na ja, Dosten ya ja, ya haye. Yadda ni na haye ban sani ba, idona a rufe yake.

Muka sami wuri mai ɗan faɗi muka zauna. Dosten ya ba Abba ruwa. Ya sha, ya goge gemu, ya gyara zama kamar yana zauren gidansa, ya ce, "Ɗan yayata, ba da hal."

Dosten ya fara. Ya faɗi ruwan da aka yi a tudu, da awakin da suka haihu, da tsadar gari, da wanda ya yi aure, da rijiyar da aka yashe. Yana ja yana ja, Abba kuwa yana gyaɗa kai yana cewa madalla, bai katse shi ba. Da ya rasa abin ƙarawa ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, Inna ta rasu shekaranjiya. Ta ce a gaya maka, kai da Nako Kamalan, da baki."

Abba ya yi salati. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa marar takalmi. Sai Dosten ya nemi nasa hal ɗin, kamar yadda ya kamata. Abba ya ce, "Nawa ba naka ba ne tukuna. Na yayata ne. Tashi mu je."

Dosten ne ya goya shi a hawan ƙarshe. Kafin rana ta faɗi muka shiga Sarkoh, bai tsaya a gidan kowa ba sai maƙabarta. Ya zauna a gefen kabarin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba, ya yi mata sallama ya ba ta hal tun daga farko. Ya ce dabino ya ja, Bijjar ya sayi jaki, Durnaz ta kusa haihuwa. Sannan ya ce, "Nazal, yaronki Kamalan ya riga ki. Na zo in gaya miki da kaina, na makara." A nan Dosten ya ji, a nan kuma Abba ya yi kukan da ya riƙe tun daga gindin dabino.

Da ban tsare shi da ƙaryar dabino ba, da ya same ta da rai. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, amma mun sani.

Yanzu yana kwance a ɗakin Dosten. Yana cin abinci kaɗan, yana zolayar jikokin Gwaggo, amma daga shimfiɗa zuwa ƙofa sai ya huta. Ba zai iya sauka yanzu ba. Zan bar shi nan in je in ga Sazen da muciyarta, in dawo. Ya ce in gaishe ki. Ya ce ki daina jin haushin maganar ambulan, ba ki da wanda za ki aika ne, shi kuwa yana da ni.

Yayanki,
Washdil

*

Kwetta, ranar Juma'a

Lala,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka har ta yi laushi. Na yi kuka saboda Gwaggo, na yi kuka saboda Abba a bayan dutse, na yi dariya a wurin kiran sunan Inna, duk a zama ɗaya. Maganar tsare shi kuwa, ni na ce ka tsare shi. Mu raba, kada ka ɗauka kai kaɗai.

Na sauka, Lala. Mace ce, lafiyayya, mai ƙarar murya, maƙwabta sun ce ba sai an tambayi 'yar wace ce ba. Na sa mata Nazal. Kai kaɗai na rubuta wa. Kada ka karanta masa wannan takarda, kada ka ba mai gishiri saƙo. Ka hau ta ƙasa, ka amsa sallamar kowa, ka tambayi hadari, ka zauna a gabansa ka faɗa masa da bakinka. Ka ce ni na ce a yi haka.

In sanyi ya shigo ku sauko da shi a kan jaki. Zan zo da ita Zarwan ya sa mata dabino a baki. Ga wasu ƙwayoyin. Ka shafa wa hannunka man shanu ko abin da Sazen ta samu.

Ƙanwarka,
Durnaz

*

Zarwan, ranar Lahadi

Durnaz,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da ƙaramar Nazal.

Na hau na faɗa masa da bakina. Ya ji sarai. Ya sa na maimaita sunan, ya yi dariya, ya ce a raba dabino a Sarkoh, aka raba.

Ina zuwa Kwetta ranar Laraba a motar Gazzi. Sauran labarin Abba ba na ambulan ba ne, da bakina zan faɗa miki. Ki zauna a gida, ki kira maƙwabciyarki ta zauna tare da ke. In Gazzi ya riga ni shigowa da kaya, kada ki tambaye shi komai. Ki jira ni.

Yayanki,
Washdil